Hoton kawuna a littafin ƙwallon wani garin Italiya

Shekarata ta biyu a Greensboro ta Amurka ina aikin shimfiɗa tayil a hannun wani dattijo ɗan Italiya. Mutum ne mai faɗa a kan aiki, amma da mun zauna cin abincin rana sai ya saki jiki, kuma hirarsa ɗaya ce kullum: ƙungiyar ƙwallon garinsu.

Gari ne ƙarami a gindin dutse. Ya ce masu fasa dutse ne suka kafa ƙungiyar, su suka share filin da hannunsu bayan an tashi aiki. Ba ta taɓa zuwa inda ake nuna wasa a talabijin ba. Sau biyu tana rushewa, mutanen gari suna sake tayar da ita. Sau ɗaya tak ta hau rukuni na gaba, kuma har lokacin da wannan shekarar suke tinƙaho.

Wata rana muna aiki a wani gida a Pleasant Garden, ya zo da littafi a leda. 'Yar'uwarsa ce ta aiko masa, tarihin ƙungiyar da mutanen garin suka haɗu suka buga. Ya wanke hannu kafin ya buɗe. Yana ta nuna mini hotuna, ni kuwa hankalina yana kan burodina, har ya tsaya a wani shafi.

"Ga ɗan ƙasarku," in ji shi. "Shi ya ci mana ƙwallon da ta kai mu sama."

Na leƙa. Saurayi ne dogo, baƙi, ya dafa ƙwallo da ƙafa. Na ga tsagar da ke kumatunsa, na ga wushiryar. Na karanta sunan da ke ƙasa. Na ajiye burodin.

Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda nake zaune a gidansa a High Point Road. Direban tasi. Mutumin da in na kunna ƙwallo sai ya tashi ya bar falo.

"Me ya sa aka zagaye hoton da baƙin layi?" na tambaya.

"Ya mutu ai. Babbar mota ta buge shi a kan babur, watanni kaɗan bayan wasan nan. Duk garin ya fito jana'iza. Rumfar 'yan kallo ma sunansa aka sa mata."

Da safen nan kawu ya miƙo mini shayi da hannunsa. Na koma aiki na jera tayil shida a karkace, dattijon ya sa na ɓamɓare su.

Na roƙi aron littafin. Bayan la'asar na tarar da kawu yana wanke motarsa a bakin gida, na buɗe shafin na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, ruwa yana ta zuba daga tiyo a kan takalminsa.

"Ina ka samo wannan?"

Na faɗa masa. Na ce, "Kawu, wa aka binne?"

Ya kashe ruwan, ya zauna a bakin dakali. Ya ce akwai wani ɗan garinmu da suke ɗaki ɗaya a can, ba shi da takardun zama. Kawu yakan ara masa nasa takardun da babur ya je aiki a wata gona. Ranar da motar ta buge shi, fuskar ba ta ganuwa, sai aka duba aljihu.

"Na ji tsoro," in ji kawu. "In na fito, ni za a kama. Na ɓuya a wani gari, daga can na koma gida, daga baya na samu hanyar nan. Na gaya wa iyayensa ya rasu. Ban gaya musu da sunana yake kwance ba."

"Ko Innata ba ta sani ba?"

"Kai ne na farko."

Kwana tara bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Littafin yana ɗakinsa. Ran na goma, muna cikin yankan tayil, na ga tasinsa ta shigo harabar gidan da muke aiki. Ya fito da littafin a hannu, ya nufi maigidana, ya yi masa magana da Italiyanci. Ban taɓa jin kalma ɗaya ta harshen nan a bakinsa ba.

Dattijon ya dube shi, ya dubi hoton, ya sake dubansa. Ya ja baya har ya yi karo da bokitin siminti, ya zauna a kai. Ashe dattijon yana saurayi ya sha tsayawa a bakin filin nan, kuma mahaifinsa yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Faɗa ya fara, yana nuna kawu da yatsa, hawaye na zubo masa. Kawu ya tsaya ya sunkuyar da kai har ya gama.

Abu ɗaya kawu ya roƙa: a gyara sunan da ke kan kabarin. Su biyun suka rubuta wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyar, da cikakken sunan mamacin da na mahaifinsa.

Amsar ta ɗauki kusan wata biyar. An canza dutsen kabarin. Game da rumfar kuwa an yi ta gardama a garin, wasu suka ce a goge sunan, wasu suka ce ƙwallon dai shi ya ci ta, a ƙarshe aka bar shi. Sun gayyaci kawu ya zo, bai je ba. Hoton sabon dutsen ya sa a ambulan ya aika wa ƙannen mamacin, sannan ya ce in sayo masa katin waya zai kira mahaifiyata.