Harafin da Na Ƙi Karantawa

Yau idan yaro ya ga rubutun da bai gane ba, ba zai rasa wanda zai tambaya ba. Kowane gari a Adar akwai lakwal, wato makarantar boko, kowace unguwa akwai mai karatu. A zamanin da nake saurayi, shekarun da suka biyo bayan yunwar fara, ba haka abin yake ba. Daga Tabotaki har Keita, masu iya karatun Nasara ba su cika hannu ba, kuma ina cikinsu. Ina aiki Madawa ƙarƙashin tafintan kwamandan, Baturen da ke mulkin yankin, ina da Faransanci, ina da ɗan Larabcin allo, ina jin Fillanci. Duk abin da na faɗa a ƙauyenmu ba a musu. Na tsufa yanzu, na ga Kumasi da Lami da Sudan da Makka, amma abin da na yi a gindin wani dutse a ƙasar Buza shi ne yake hana ni sakewa, shi ya sa na rubuto muku.

Bayan ƙauyenmu, a gefen tudu, akwai wani ƙaton dutse da ya ɗan kwanta gaba kamar raƙumi zai durƙusa. A fuskarsa akwai zane-zane: ɗigo-ɗigo, da'ira, gicciye. Tun muna yara ake cewa wani ayarin Azbinawa ne ya binne dukiyarsa a nan lokacin da Nasara suka shigo ƙasa, masu ita suka tafi ba su dawo ba. Malamai sun duba suka ce ba Larabci ba ne. Dattawan gidajen Azna, masu bin addinin gargajiya, suka ce kakanninsu ma haka suka tarar da shi. A Madawa na saba da wani Buzu cikin sojin raƙuma na kwamandan, na kwatanta masa irin zanen, ya nuna mini a kan rairayi cewa wannan rubutunsu ne, tifinar, ya koya mini sautin haruffan. Ya ce ba sa rubuta wasali, mai karatu ne yake cikewa da kansa. Haruffa na koya, harshen ban koya ba, sai 'yan kalmomin kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ita ce uraƙ, wato zinariya.

Da na zo gida da bazara, na je na tsaya gaban dutsen. A tsakiyar layin na ga ɗigo biyu, da'ira, ɗigo uku. Na haɗa sautinsu, sai ga uraƙ. Amma akwai gicciye ɗaya gaban kalmar, ɗaya bayanta. A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba: Buzun nan ya gaya mini gicciye harafi ne, sautinsa ta. Na sani sarai. Sai dai in na sa shi cikin karatun, kalmar ta zama wadda ban sani ba, zinariyar ta ɓace. Na tuna yadda kwamandan yake sa gicciye a kan taswira in yana nufin wuri, sai na ce wa raina ai waɗannan ba haruffa ba ne, alamar wuri ce irin ta Nasara: zinariya, a nan. Ban tambayi kaina yadda Ba'azbine mai gudun Nasara zai yi alama irin tasu ba.

Wana na fara gaya wa, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne mai ƙarfi, mai yawan dariya, da mata da yara biyu ƙanana. Mushe yake kirana don tsokana, yadda ake kiran ma'aikatan Faransawa, wai tunda na sa wandon Nasara na fi ƙarfin tuwon dawa. Da ya ji labarin, bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko da gaske dutsen ya faɗi haka, na ce ya faɗa. Ya ce to shi in zinariyar ta fito, raƙumi zai saya ya hau ya je ya gai da jakinsa, ya ba shi haƙurin shekarun da suka sha tare. Ya ɗauki dagi da ƙwarya, muka fara. In ce ya fara. Hannuna ya yi laushi a ofis, aikina shi ne in zauna a inuwa in nuna masa inda zai bi. Ya haƙa gaban dutsen bai sami komai ba, na ce ai gicciyen na biyu yana nuna ƙarƙashi ne. Ya fara shiga ƙarƙashin dutsen, yana fito da jar ƙasa. Mutanen gari suna wucewa suna yi masa ba'a, suna cewa a ajiye musu ko ɗan kunne ɗaya; shi kuma yana ce musu ranar rabo kada wanda ya zo masa da gaisuwar dangi.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, mai yawa. Gari ya waye kowa ya ɗauki sungumi da iri ya nufi gona. Matar wana ta tare ni a ƙofar gida. Tsakanina da ita wasa ne kullum, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen miji. Ɗan angona take ce mini, ta ce ta fi son ni da wancan mai kaushin ƙafa. Ran nan ba ta yi wasa ba. Ta kira ni da sunana na yanka, ta ce yau ranar shuka ce, kuma mijinta ya ce ba zai je ba sai in ni na ce a bar haƙan; ta ce in dubi Allah in gaya mata ko na tabbata. A lokacin shakka ta riga ta cika mini ciki, don ramin ya yi zurfi ba ko tsingaron tukunya. Amma in na ce ban tabbata ba, gari duka zai ji cewa ɗan lakwal bai iya karatu ba. Na ce mata na tabbata, yau ɗaya kawai, gobe sai shuka.

Ƙasar ta jiƙa, ta saki. Da hantsi, wana yana kwance cikin ramin yana sara, ina sama ina kallo, dutsen ya motsa ba tare da wata ƙara ba, ya zauna. Wana ya yi ƙoƙarin ja da baya, dutsen ya kama shi daga ƙugu zuwa ƙafar dama. Na ruga gonaki ina ihu. Mutane suka bar shukarsu suka zo da itatuwa da igiyoyi, da kyar aka zaro shi. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya rayu, amma ƙafar ta shanye, ƙugun bai sake ɗaukarsa ba. A shekarar nan dangi ne suka yi masa gayya, bayan an makara. Ni kuwa hutuna ya ƙare, na koma Madawa, daga can na nemi a tura ni nesa.

Aiki ya kai ni Agadas, na zauna shekaru cikin Buzaye har harshensu ya zauna mini a baki. Wata rana ina kallon yara suna rubuta sunayensu a ƙasa, sai layin dutsen nan ya dawo mini, na karanta shi da gicciyensa duka biyu. A harshensu, ta a farko da ta a ƙarshe alamar mace ce. Kalmar tana nufin mai launin rawaya, ta mace. Ko budurwa ce fara wani makiyayi ya tuna, ko raƙumarsa ce, ko saniya, har yau ban sani ba, kuma ba wanda zai sani. Na ga irin rubutun nan a duwatsu da yawa bayan haka. Mafi yawansu gaisuwa ce da sunaye, aikin mai kiwo da rana ta yi masa tsawo.

Duk lokacin da na zo gida, wana yana zaune a zaure yana tufkar igiya, abin da ya koma ci da shi ke nan. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Cewa yake Mushe, saura kaɗan fa muka kai, dutsen ne ya yi mana rowa. Sai ya tambaye ni ko zinariyar tana nan, in ce tana nan. Na ce wa raina tausayi ne, kada in raba shi da abin da ya rage masa. Ba tausayi ba ne, kunya ce. Ya rasu yana gaskata ni.

Bayan rasuwarsa babban ɗansa ya zo mini da dagin ubansa, ya ce yana so in nuna masa inda aka tsaya. A nan ne na faɗi gaskiya duka, har da cewa na san harafin tun farko. Sai ya tambaye ni me ya sa ban gaya wa ubansa ba. Ya ɗauki dagin ya fita.

Ina jin har yau matasa suna yawo da zane-zanen duwatsu da tsoffin alamomi, suna neman wanda zai warware musu inda aka binne dukiya. Na ga irinsu a kowace ƙasa da na taka. Gargaɗina ba ga masu haƙa ba ne kawai, ya fi ga masu karantawa. In ka ga kana cire harafi don karatu ya faɗi abin da kake so, tsaya, ka ce ban sani ba, tun wani bai shiga rami da maganarka ba. Ɗan wana yana gaishe ni har yau, yana aiko mini da gero in an yi girbi, ba ya rage komai cikin haƙƙina. Amma tun daga ranar bai sake kirana Baba ba. Alhaji yake ce mini, kamar kowa.