Damin Wanda Bai Dawo Ba

A gandun gidanmu, can wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa, akwai kunya ɗaya ta gefe, gindin ɗorawa, wadda ba ta kowa ba ce a cikin masu rai. Kowace damina a shuka mata dawa, a yi mata noman firi da maimai kamar saura, amma ran girbi daban ake ɗaure daminta. Ba ya shiga rumbu. A zaure ake rataye shi har shekara ta zagayo, sannan a ba baƙon da ya fara yin sallama.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, shi ke riƙe da wannan al'ada. Ya ce ƙanen kakansa ne mahara suka kama a bakin gonar, zamanin cinikin bayi, aka yi kudu da shi. Tun daga nan gidan ke noma masa rabonsa, don kada ya dawo ya tarar an manta da bakinsa. Gidanmu Maguzawa ne a da. Yanzu wasu na masallaci, wasu na majami'a, tsafin gida duk an watsar, amma ba wanda ya taɓa ɗaga murya kan damin nan. Baba Tsoho ba a ja da shi, harshensa ya fi lauje.

Ina koyarwa a Zariya na haɗu da wata mata baƙar fata daga ƙetaren teku, ta zo koyon Hausa. Ta ce kakanninta bayi ne da aka kwasa daga wannan yanki na duniya, ba ta san garin ba, ba ta san yaren ba. Ta ba ni labarin yadda suka noma wa ƙasar can shinkafa da auduga, da yadda kiɗansu ya cika duniya. Da na gaya mata zancen damin, sai ta ce tana so ta gan shi.

Na je gida na faɗa wa tsohon, na nuna masa hotonta a waya. Ya daɗe yana kallo, ya matso da ita har hanci.

"Wanga goshin namu ne," in ji shi.

Na ce, "Baba, goshi ai kowa na da shi."

"Kai dai boko ya cinye maka ido. Ka taho man da ita, ta ɗau abin kakanta."

Ni ban yarda jininmu ba ce, har yau ban yarda ba. Amma na ga yadda ya sa aka share zaure, aka sake ɗaurin damin da sabuwar igiyar rama, na san ba hujja yake nema ba. So yake ya miƙa wa wani kafin ya kwanta dama.

A lokacin hanyarmu ta riga ta lalace. Ba ramukan nake nufi ba, waɗannan mun saba da su. 'Yan bindiga ne ke tare mota da rana tsaka. Masu masaukinta suka hana ta, kuma ban ga laifinsu ba. Na koma na ce wa Baba Tsoho ya ba ni damin in kai mata Zariya. Ya harare ni.

"Ɗan gida ba a aika mishi da rabonai kamar sadaka. Tahowa yakai shi ɗauka."

Muka ce a jira hanya ta yi kyau. Hanya ba ta yi kyau ba. Lokacinta ya cika ta koma ƙasarsu, shi kuma bai ga kakar da ta biyo ba. Abin yana cina har yanzu. Mutum biyu, kowanne na neman ɗaya, tafiyar da ba ta kai ta yini ba ta raba su.

Bayan rasuwarsa ƙauyen ya tashi saboda 'yan bindiga. Mun dawo cikin garin Ƙanƙara, mahaifina yana noma wata 'yar gonar aro a bayan gari, wadda ko rabin shekara ba ta ciyar da gidan. Kafin tashin namu an ɗauke ɗan baffana, magidanci mai 'ya'ya uku, yana cikin huɗa. Shiru har yau, ko gawa ba mu gani ba.

Bara na je taya girbi. Na ɗauka maganar dami ta bi Baba Tsoho, don yanzu kowace zangarniya da mai jiranta. Da muka gama, na tarar mahaifina a ƙofar ɗakin da muke haya, ya taka turmi yana buga ƙusa a bango, tunda babu zaure. Na miƙa masa damin ya rataya. Sai ya nuna bayana, inda dami na biyu ke jingine, ya ce in miƙo na ɗan baffana.