Feshin Ruwa a Kan Ƙarfe Mai Zafi

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙofar Ran ta Bauchi, mu huɗu, malaman makarantar fasaha. Kudu muka nufa, ganin ɗakin gwajin injin tabain, wanda ke juyawa ya ba da lantarki. Ni dai da magana a raina na tafi. Akwai ɗalibata, 'yar Bogoro, da ta rubuta a aikinta na kammala karatu wai ana sanyaya fukafukan injin da feshin ruwa cikin tururi. Na ƙi sa hannu. A garejin babana na tashi, inda in ka zuba wa inji mai zafi ruwa, kafin ƙarfen ya tsage ka sha mari. In Juma'a ta wuce ba hannuna, sai ta maimaita shekara.

Hanyar Jos ba laifi. Daga Akwanga ramuka suka karɓe mu, direba yana ta zagin taya kamar ita ta haƙa su. A Lafiya muka ci sakwara. An tsuga kuɗi, nama kuwa sai da na yi lalube.

Washegari a ɗakin gwajin, injiniyan wurin ya gasa wani fiffike, ya buɗe ƙananan bututai suna tsarto masa tururi. Allurar awon zafi ta ɗan sauka. Sai ya ƙara ruwa, ba kwarara ba, feshi mai laushi kamar raɓa. Na ja da baya ina jiran jin ƙara. Shiru, allura sai ƙasa take yi. Ya ce ɗigon ƙanana ne ƙwarai, suna taɓa ƙarfen suke ƙafewa su tafi da zafin. Kunya ta kama ni, ban gaya wa kowa ba.

Alhamis da la'asar muka shigo Bauchi. Daga tashar Muda Lawal na hau keke sai Tirwun, gidan gwaggon ɗalibar. Yarinyar ta fito da takardu, ta rusuna ta gaishe ni.

"Malam, na cire babin nan. Na rubuta yadda ka ce."

Na tambayi tsohon babin, ta ce gwaggo ta hura wuta da shi.

Abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan ke nan: shekara da shekaru ina soke wa ɗalibai rubutu, ban taɓa tambayar ko ɗaya inda ya samo nasa ba. Aka kawo benci. Na zaro biro, na ce ta faɗa, ni in rubuta.