Jan ɗigon Malam Tazara

Ɗan ƙanena ya samu sunan Tazara ne ranar da ya ce zai koya wa direban bas tuƙi. Suna tsaye cikin cunkoso, ya leƙa ta bayan kujera ya shiga yi wa mutumin bayani cewa in ya daina kutsawa, ya bar tazara tsakaninsa da motar gaba, kowa zai fi saurin isa. Direba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya buɗe ƙofa ya ce ya sauka ya ba su tazarar shi da kansa. Da ƙafa ya ƙarasa ofis, takalmi a hannu.

Aikinsa a ofishin kula da hanyoyi yake. Ba ya zuba kwalta, ba ya tsayar da mota. Zama yake gaban kwamfuta, ya yanka babbar hanya zuwa ƙananan akwatuna a jere, kowace mota ɗigo ce a akwatinta. Dokokin ɗigon kaɗan ne: in gaba da fili ya ƙara gudu, in babu ya rage, wani lokaci kuma ya taka birki haka kawai, kamar direban da ya tuna ya bar wayarsa a gida. Daga wannan birki na banza cunkoso ke tashi, ya riƙa ja da baya har ya kama waɗanda ba su san an yi ba. Na ce masa ashe gwamnati na biyan mutum ya yi kiwon tururuwa. Ya yi dariya. A lokacin yana dariya.

Ranar da matarsa ta fara naƙuda, jini ya ɓalle mata, shi ya ɗauke ta a motarsa. Suka faɗa cunkoso a babbar hanya. Hannun da ya saba bai san wani tuƙi ba: ya bar tazara. Duk filin da ya bari sai wata mota ta cusa kai, shi kuma ya sake ja baya. Kafin su kai asibiti ta cika, ita da abin da ke cikinta. Daga baya ya bincika, aka ce masa ba hatsari aka yi ba, ba kuma mota ce ta lalace ba. Hanya ce kawai ta cushe ta kuma warware.

Tun daga nan ɗigo ɗaya a kwamfutarsa ya zama ja, shi ne motarsa ta ranar nan. Yana tashi daga aiki sai ya shige ɗaki, inda kayan jaririn ke nan a ƙulle bisa kabad, ya saki jan ɗigon cikin sauran. Yau ya sa shi kutsawa, gobe ya sa shi haƙuri, yana son ya san ko tuƙinsa ne ya kashe ta. Amma birkin nan na haka kawai ba ya faɗuwa wuri ɗaya sau biyu, don haka amsar ba ta tsayawa. Ya rame, gashi ya yi fari, ni gwaggonsa na fi shi kyan gani.

Muka haɗu a kansa, ni da uwarsa da yayansa. Uwar ta yi kuka, ni na yi tsiya, na ce matan gari ba su ƙare ba, kuma ba a taɓa jin ɗigo ya dafa wa mutum abinci ba. Yayan ya tsaya bakin ƙofa ya ce ƙaddara ce, ya kashe na'urar nan, ai ba za ta taɓa gaya masa gaskiya ba tunda kullum maganarta daban.

Tazara bai ko juyo ba.

"Wani lokaci tana isa asibiti a nan, Yaya," ya ce. "Kai kana da inda take isa?"