Dagin Gidan Sikeli

A bakin kasuwar Tsohon Birnin Gwari akwai wani gini da muke kira Gidan Sikeli. A nan fatake suke sauke gishiri da kanwa su ɗauki zuma da man kaɗanya, tun ba a haifi mahaifiyata ba. Kakana ne ya gina shi da tubali, ya yi wa zauren rufi mai lanƙwasa na ɗaurin guga, ya ɗora zankwaye huɗu a kusurwoyin sama. Yanzu saura biyu. Jemagu sun mallake azara, amma idan rana ta leƙo ta tsagar rufi, sawun yatsunsa na nan a bango, kamar ɗazu ya ɗauke hannu.

A saman ƙofa ya zana babban dagi, layukan suna ratsa juna. Shekarar da yayana ya bi hanyar daji a kan babur bai dawo ba, ƙafafun kakata suka ƙi ɗaukarta. Ta aike ni in kwafo mata dagin a takarda kafin damina ta cinye shi.

Na wuni a gindin bangon da fensir. A kusurwar hagu ta ƙasa na ga layi biyu ba su haɗu ba. Na ɗauka ruwa ne ya zaizaye wurin, sai na haɗa su, har ina jin daɗin gyaran.

Kakata ta bi zanen da yatsa a hankali. Da ta iso kusurwar, ta tsaya.

"Wa ya ce ki rufe?"

Na ce ai karyewa ya yi. Ta girgiza kai, ta ce da gangan mijinta ya bar shi haka. A wurinsa ba a ƙulle dagin gidan matafiya, sai an bar wa wanda ke kan hanya kafar shigowa. Na buɗe baki zan ce camfi ne, sai ta miƙo mini takardar.

"Goge, 'yar nan. Yayanki bai shigo ba tukuna."

Na yi ta gogewa har takardar ta huje. Ta ɗaga ta saitin taga, haske ya biyo ta hujin ya sauka a kuncinta. Ta ce haka ya fi.

Bara fuskar ginin ta zube da dagin duka. Kakata ma ta riga mu gidan gaskiya. Takardar tana nan manne a saman ƙofar ɗakinta. Duk lokacin da babur ya rage gudu a ƙofar gida, hujin nake fara kallo.