Man Kaɗe a Kan Gilashi

Jikata mai karatun kimiyya ta ce mini yanzu sai an yi wa fuskar gilashi wani shafe na musamman kafin abin da aka ɗebo daga jinin mutum ya kama. Na ce mata ni za ki gaya wa halin gilashi? Ai shi ya hana ni zuwa Zariya.

Ina budurwa, mu biyu ne mataimaka a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti a yankin Malumfashi, ni da wata 'yar Bakori wadda na girme ta, na kuma riga ta kama aiki. Mu soki yatsan mai zazzaɓi, mu ɗiga jinin a kan ɗan gilashi, mu baje shi ya bushe, a tsoma a ruwan rini, sannan Malam, shugabanmu, ya duba ƙwayar cuta a madubin likita. Nata jinin sai ya kwanta luf. Nawa kuwa ya tattare gefe guda, da an tsoma ya saɓule ya bi ruwa. Dole in koma in sake sukar yaro yana tsala ihu, uwarsa tana zabga mini harara.

Allah ya sani na tsane ta. Malam ya ɗaga gilashinta yana madalla, ni kuwa zuciyata na tafasa. Na ce sababbin gilasai ake ware mata, na ɗebi nata a ɓoye, ba abin da ya sake. Na ce to asiri ne. Kuma me take da shi? Hannuwa furu-furu kamar ta kwana sussukar masara. Ni kullum safe sai na mulke nawa da man kaɗe suna sheƙi, har tsiya nake mata.

Wata rana ta same ni wurin wankin gilasai, ta sassauta murya.

"Yaya, da kin daina shafa mai kafin aiki."

Na ɗauka gori take mini, wai ina warin ƙauye. Na wanke ta tas, na ce ko uwata ba ta hana ni ba.

Sai ga gurbin kwas guda ɗaya a Zariya, wadda ta je ita za ta hau madubin likita kamar Malam. Malam ya jera gilasanmu a tebur, ya ɗauki nawa ya karkata shi wajen taga, ya nuna mini shatin babban yatsana ɓaro-ɓaro a tsakiya. Ya ce jini ba ya zama inda maiƙo ya riga shi.

Ita aka tura. Na raka ta tasha ba don raina ya so ba, ta kama hannuna tana sallama, na ji kaushin tafinta. Tun daga ranar ban sake shafa mai da safe ba. Har na bar aiki hannuwana irin nata ne sak, madubin kuwa ban taɓa hawansa ba.