Kalkuletar Baba

Ni da taubashina, ɗan ƙanwar babana, wurin maigida ɗaya muka koyi gyaran rediyo a Birnin Kebbi. Da aka yaye mu sai na kama shago a unguwar Badariya, shi kuma ya koma Argungu ya kafa tebur a bakin kasuwa.

Babana fataucin shinkafa yake a Gulma, kuma yana da wata tsohuwar kalkuleta da ya sayo a aikin Hajji tun muna yara. Ba ya yarda kowa ya taɓa ta. Wata Sallah na je gida na tarar maɓallanta sun daina amsawa, sai ya danne da farce da ƙarfi kafin lamba ta fito. Na ce ya ba ni in duba, ai ga kayan aikina a jaka.

"Bar ta," ya ce. "Hannunka shina da nauyi."

Washegari ya sa na goya shi a babur har Argungu, ya miƙa wa taubashina ita a gabana. Na zauna a benci ina kallo. Taubashina ya kwance bayanta, ya ɗaga robar maɓallan a hankali, ya goge dattin da auduga da sifirit, sannan ya bi baƙaƙen ɗigon da ke ƙarƙashin robar yana goga musu fensir. Duk wannan na san shi. Ina zaune ina jiran robar ta yage a hannunsa, amma ba ta yage ba. Baba ya danna, lambobi suka fito tar, ya yi ta sa masa albarka har masu kifin da ke gefe suna amsawa da amin. Na goya shi muka koma Gulma.

Daga nan na shiga neman tsofaffin kalkuletoci a wurin 'yan gwangwan, ina gyarawa. Sannu a hankali tsofaffin malamai daga unguwar Gesse suka fara kawo mini nasu, har aka san ni da aikin.

Bayan shekaru Baba ya zo Birnin Kebbi ganin likita, ya biyo ta shagona. Ya daɗe yana duban waɗanda na jera a kan kantar shago, ya ɗauki ɗaya ya daddanna, na ga ta burge shi.

"Aiki ya yi kyawo," ya ce. "Taubashinka na yak koya maka?"

Na ce a'a. Ya gyaɗa kai kamar bai ji ba, ya ce in samo masa ruwan alwala.